2,147,483,647: Siffofi da tarihin lambar da ta zama iyakar ƙidayar kwamfuta

Lamba 2,147,483,647, wato biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai, tana daga cikin manyan lambobi ƙalilan da suka yi suna a fagen lissafi da fagen kwamfuta baki ɗaya. A wurin masana lissafi, ita ce ta takwas a jerin lambobin firam na Mersenne, kuma ta yi shekaru masu yawa tana riƙe da kambun lambar firam mafi girma da ɗan Adam ya tabbatar. A wurin masu rubuta manhaja kuwa, ita ce adadi na ƙarshe da ɗimbin na'urori ke iya ƙirgawa kafin lissafinsu ya juye. Wannan iyaka ce ta sa injiniyoyi ke sa ido a kan ranar 19 ga Janairu, 2038, lokacin da agogon wasu tsofaffin na'urori zai kai ƙarshen ƙidayarsa.

Yadda ake samun lambar

Idan aka fara da 1 ana ninkawa gida biyu, za a samu 2, 4, 8, 16, 32, haka har zuwa ninki na 31, wanda ke ba da 2,147,483,648. Idan aka ɗebe ɗaya daga wannan adadi, sai a samu lambar da ake magana a kanta. A rubutun lissafi ana taƙaita ta da 2³¹ − 1.

Tana da alƙaluma goma, waɗanda jimillarsu ta kama 46. Don a gane girmanta, mutumin da zai ƙirga lamba ɗaya a kowane sakan, ba barci ba hutu, zai yi kwana 24,855 da 'yan sa'o'i kafin ya kai gare ta, wato shekara 68 da ɗoriya.

Siffarta ta fi fitowa fili a tsarin rubutun da kwamfuta ke amfani da shi, wanda ba shi da alƙalami sai sifiri da ɗaya. A wannan tsari, lambar ɗaya ce jere sau 31, babu sifiri ko guda a cikinta. Kamar yadda 999 ta zama adadi mafi girma da ake iya rubutawa a gurbi uku a lissafin yau da kullum, haka 2,147,483,647 ta zama mafi girma da gurbi 31 ke iya ɗauka a tsarin sifiri da ɗaya. Daga wannan siffa guda ɗaya darajarta a lissafi da matsalarta a kwamfuta suka samo asali.

Rukunan da take ciki

Babban rukunin da ta faɗa shi ne na lambobin firam. Lambar firam ita ce wadda ta wuce ɗaya, kuma babu abin da ke raba ta ba tare da saura ba sai ɗaya da ita kanta, kamar 2, 3, 5, 7, 11 da 13. A jerin waɗannan lambobi tun daga 2, ita ce ta 105,097,565. Lambar firam da ke gabaninta ita ce 2,147,483,629, wadda ke bin ta kuma ita ce 2,147,483,659.

Ba ta cikin tagwayen firam, wato lambobin firam biyu da tazarar biyu ce kawai tsakaninsu, irin 11 da 13. Dalili kuwa shi ne idan aka rage mata biyu za a samu adadin da ya ƙare da 5, wanda biyar ke rabawa, idan kuma aka ƙara mata biyu za a samu 2,147,483,649, wanda shi ne 3 sau 715,827,883.

Rukuni na biyu shi ne na lambobin firam na Mersenne, wato waɗanda ake samu ta hanyar ninka biyu sau da yawa sannan a ɗebe ɗaya. Takwas na farko su ne 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071, 524,287 da 2,147,483,647, waɗanda ke fitowa daga ninki na 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19 da 31. Sharaɗi ne yawan ninkin ya kasance shi ma firam ne, amma wannan kaɗai bai wadatar ba. Misali, 11 firam ce, sai dai 2¹¹ − 1 na ba da 2,047, wadda ita ce 23 sau 89.

Rukuni na uku ya fi waɗannan ƙunci. Adadin ninkinta, wato 31, shi kansa lambar firam ce ta Mersenne, domin 2⁵ − 1 ne. Irin wannan lamba ake kira Mersenne mai ruɓi biyu. Guda huɗu kacal aka sani da suke firam a cikinsu: 7, 127, 2,147,483,647, sai kuma 2¹²⁷ − 1 mai alƙaluma 39.

Tana kuma da wata siffa da ta shafi murabba'i, wato lambar da aka ninka da kanta, kamar 4, 9, 16 da 25. Wasu lambobin firam jimillar murabba'i biyu ne, kamar 13 da take 4 da 9 a haɗe. Wannan lamba ba ta yiwuwa haka. Duk murabba'in da aka raba da huɗu, saurarsa sifiri ne ko ɗaya, saboda haka jimillar guda biyu ba za ta taɓa barin saura 3 ba, alhali 2,147,483,647 saura 3 take bari. Haka nan idan aka raba ta da takwas tana barin saura 7, abin da ke hana ta zama jimillar murabba'i uku. Sai an haɗa huɗu kafin a same ta, wanda shi ne adadi mafi yawa da kowace cikakkiyar lamba ta ƙirge ke buƙata, kamar yadda Joseph-Louis Lagrange ya tabbatar a 1770.

Daga zato zuwa hujja

An daɗe ana zaton lambar firam ce kafin a samu hujja. A 1588, masanin lissafi ɗan ƙasar Italiya, Pietro Cataldi, ya tabbatar da cewa 131,071 da 524,287 firam ne ta hanyar gwada raba su da ƙananan lambobin firam ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ya yi iƙirarin cewa ninki na 23, 29, 31 da 37 su ma za su ba da firam, ba tare da ya iya gwadawa ba. Uku daga cikin huɗun kuskure ne. Pierre de Fermat ya nuna a 1640 cewa 47 na raba 2²³ − 1, kuma 223 na raba 2³⁷ − 1. Daga baya Leonhard Euler ya nuna cewa 233 na raba 2²⁹ − 1. Ninki na 31 ne kaɗai ya tsira.

Sunan rukunin ya samo asali ne daga Marin Mersenne, wani malamin addinin Kirista ɗan Faransa da ya rayu daga 1588 zuwa 1648, wanda ke musayar wasiƙu da manyan masanan zamaninsa. A 1644 ya wallafa jerin ninkin da yake ganin suna ba da firam har zuwa 257: 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Jerin yana da kurakurai biyar. Ya saka 67 da 257 waɗanda ba sa ba da firam, ya kuma tsallake 61, 89 da 107 waɗanda ke bayarwa. Ya dace a kan 31, amma shi ma bai kawo hujja ba.

Hujjar ta zo ne a 1772 daga Euler, haifaffen birnin Basel na ƙasar Suwizalan, wanda a lokacin yake zaune a Saint Petersburg ta Rasha, idanunsa kuma sun kusa mutuwa gaba ɗaya. Ya sanar da sakamakon ne a wata wasiƙa da ya aika wa Daniel Bernoulli.

Yadda Euler ya rage aikin

Don tabbatar da cewa lamba firam ce, ba sai an gwada raba ta da duk abin da ke ƙasa da ita ba. Idan lamba tana rabuwa gida biyu da aka ninka, dole ɗaya daga cikinsu bai wuce tushen murabba'inta ba. A nan tushen ya faɗa tsakanin 46,340 da 46,341, domin 46,340 sau 46,340 na ba da 2,147,395,600, yayin da 46,341 sau kanta ta zarce lambar. Ke nan gwaji zai tsaya a 46,340. Duk da haka, akwai lambobin firam kusan 4,800 a ƙasa da wannan iyaka, kuma raba adadi mai alƙaluma goma da kowacce daga cikinsu da hannu aiki ne mai cin rai.

Euler ya yi amfani da ƙa'idoji biyu. Ta farko, wadda ta samo asali daga aikin Fermat, ta ce duk lambar firam da za ta raba 2³¹ − 1 dole ta bar saura 1 idan aka raba ta da 62. Ta biyu ta ce dole ta bar saura 1 ko 7 idan aka raba ta da takwas. Da aka haɗa sharuɗɗan biyu, sai ya zama abin da za a gwada shi ne kawai lambobin da ke barin saura 1 ko 63 idan aka raba su da 248, irin su 249, 311, 497 da 559. Waɗannan ba su wuce 372 ba a ƙasa da 46,340, kuma da yawa daga cikinsu ba firam ba ne, don haka ba sai an gwada su ba. Babu ko ɗaya da ta raba lambar.

Da wannan sakamako ta zama lambar firam mafi girma da aka sani, kuma ta riƙe wannan matsayi har cikin ƙarni na 19. A cikin rukunin Mersenne kuwa, ba a samu wadda ta fi ta ba sai a 1876, lokacin da Édouard Lucas na Faransa ya tabbatar da 2¹²⁷ − 1.

Hanyar da Lucas ya ƙirƙiro, wadda Derrick Lehmer na Amurka ya inganta a 1930, ta sauƙaƙa aikin ƙwarai. Ana farawa da 4, a ninka ta da kanta, a ɗebe biyu, a raba da lambar da ake gwadawa a riƙe saura, sannan a maimaita. Idan aka gwada 31, jerin zai kasance 4, 14, 8, 0, kuma ƙarewa da sifiri shi ne shaidar cewa firam ce. Ga 2,147,483,647, mataki 29 kawai ake buƙata, abin da wayar hannu ke gamawa kafin ƙiftawar ido.

Kamilar lamba ta takwas

Abin da ya sa magabata suka damu da lambobin Mersenne shi ne alaƙarsu da kamilan lambobi. Kamilar lamba ita ce wadda idan aka tara duk lambobin da ke raba ta, ban da ita kanta, sai a sake samun ta. Misali, 1 da 2 da 3 ne ke raba 6, jimillarsu kuma 6 ce. Haka 28 take 1, 2, 4, 7 da 14 a haɗe.

Tun kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Euclid na Girka ya nuna cewa kowace lambar firam irin ta Mersenne tana haifar da kamilar lamba guda. Euler ya cike ɗaya ɓangaren, inda ya tabbatar da cewa duk kamilar lambar da biyu ke rabawa ta wannan hanya take fitowa. Bisa wannan ƙa'ida, idan aka ninka 2,147,483,647 da 2³⁰, wato 1,073,741,824, za a samu kamilar lamba ta takwas: 2,305,843,008,139,952,128.

A 1811, masanin lissafi ɗan Ingila, Peter Barlow, ya bayyana a littafinsa kan ilmin lambobi cewa da wuya a taɓa gano wadda ta fi wannan girma, domin a ganinsa irin waɗannan lambobi abin sha'awa ne kawai marasa amfani, babu wanda zai ɓata lokacinsa neman na gaba. Tarihi ya saɓa masa ta fuska biyu. An gano wasu da dama bayanta, sannan ita lambar da ya ɗauka marar amfani ta shiga cikin harkokin yau da kullum na duniya.

Iyakar ma'ajin bit 32

Kwamfuta tana ajiye lamba ne a jerin gurabe da ake kira bit, kowanne yana ɗaukar sifiri ko ɗaya. Shekaru da yawa ma'ajin da aka fi amfani da shi mai bit 32 ne, kuma har yau shi ne ma'aunin lamba na yau da kullum a harsunan rubuta manhaja irin su Java, da mafi yawan tsare-tsaren C. Ana ware bit ɗaya don nuna ko lambar tana sama da sifiri ko ƙasa da shi, saura 31 su ɗauki adadin. Saboda haka ma'ajin yana ɗaukar daga −2,147,483,648 zuwa 2,147,483,647.

Matsala tana tasowa idan aka ƙara ɗaya a kan adadi na ƙarshe. Duk guraben 31 sun cika, don haka ƙarin sai ya tsallaka cikin gurbin alama. A yawancin na'urori, sakamakon shi ne lambar ta juye nan take zuwa −2,147,483,648, kuma sau da yawa ba tare da wani gargaɗi ba.

Iyakar ba ta da nisa kamar yadda ake zato. Idan manhaja tana ajiye kuɗi a matsayin kwabo a irin wannan ma'aji, ba za ta wuce naira 21,474,836 da kwabo 47 ba. Lamba mai alƙaluma 11, irin lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ko lambar banki ta BVN a Najeriya, ta fi ƙarfinsa. Haka ma yawan al'ummar duniya, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ya kai biliyan takwas a Nuwamban 2022.

Inda iyakar ta riga ta bayyana

A Disamban 2014, YouTube ya sanar da cewa ya faɗaɗa ma'ajin da ke ƙirga yawan kallon bidiyo, saboda waƙar Gangnam Style ta mawaƙin Koriya ta Kudu, Psy, ta kai ga wannan adadi. Kamfanin ya koma ma'aji mai bit 64, wanda iyakarsa 9,223,372,036,854,775,807 ce.

A 2015, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta fitar da umarni game da jirgin Boeing 787. Gwaji ya nuna cewa idan na'urorin da ke sarrafa janaretocin jirgin suka yi kwana 248 a kunne ba a kashe ba, wani ma'aunin ƙidaya a manhajarsu zai cika, abin da zai iya katse wutar lantarkin jirgin ko da yana sama. An umarci kamfanonin jiragen su riƙa kashe wutar suna sake kunnawa kafin a gyara manhajar. Masu sharhi sun lura cewa idan na'ura tana ƙirga sau ɗari a kowane sakan, kwana 248 da rabi take yi kafin ta kai 2,147,483,647.

A ranar 1 ga Janairu, 2022, saƙonnin imel sun maƙale a ma'aikatun da ke amfani da wasu nau'o'in Microsoft Exchange. Manhajar da ke binciken saƙonnin tana amfani da wata lamba da aka gina daga kwanan wata, wadda ke farawa da alƙaluma biyu na ƙarshen shekara. A 2021 lambar tana farawa da 21, tana kuma shiga ma'ajin. Da shekara ta juya sai ta zama 2,201,010,001, wadda ta zarce iyaka.

Matsalar 2038

Tsarin Unix, da sauran tsare-tsaren da suka gaje shi kamar Linux, suna lissafin lokaci ne ta hanyar ƙirga sakan tun daga tsakar daren 1 ga Janairu, 1970, agogon GMT. Inda aka ajiye wannan ƙidaya a ma'aji mai bit 32, za ta kai 2,147,483,647 da ƙarfe 3:14:07 na asubahin Talata, 19 ga Janairu, 2038, wato 4:14:07 agogon Najeriya da Nijar. Sakan ɗaya bayan haka, na'urar da ba a gyara ba za ta iya ɗauka cewa ranar 13 ga Disamba, 1901 ce.

Maganin sananne ne: a mayar da ƙidayar zuwa bit 64, wanda zai ɗauki kimanin shekara biliyan 292 kafin ya cika. Yawancin kwamfutoci da wayoyin zamani sun riga sun koma wannan tsari, kuma tun fitowar Linux 5.6 a 2020 aka samar da hanyar da na'urori masu bit 32 za su bi su wuce 2038. Inda damuwa ta rage shi ne ƙananan kwamfutocin da ke cikin injinan masana'antu, motoci, na'urorin sadarwa da makamantansu, waɗanda ke yin shekaru masu yawa suna aiki ba a sabunta manhajarsu ba, da kuma tsofaffin rumbunan bayanai. Manhajar da ke lissafin abin da zai faru nan gaba, kamar wa'adin bashi ko ƙarewar takardar shaida, tana iya cin karo da iyakar tun kafin shekarar ta zo.

Amfaninta a matsayin firam

Kasancewarta firam kuma daidai da girman ma'ajin bit 32 ya sa ta zama mai amfani wajen samar da lambobi masu kama da na jefa ƙuri'a, waɗanda ake buƙata a gwaje-gwajen kimiyya da wasannin kwamfuta. A 1988, Stephen Park da Keith Miller suka ba da shawarar a ɗauki wata hanya mai sauƙi a matsayin mafi ƙarancin ma'auni: a ninka lambar da ke hannu da 16,807, a raba da 2,147,483,647, saurar ita ce lamba ta gaba. Saboda mai rabawar firam ce, kuma an zaɓi 16,807 da kyau, jerin yana ratsa duk lambobi daga 1 zuwa 2,147,483,646 kafin ya maimaita kansa. Har yau wannan hanya tana cikin kayan aikin harshen C++, ko da yake ba ta dace da ɓoye sirri ba, domin wanda ya ga lamba ɗaya zai iya lissafa ta gaba.

Matsayinta a yau

A ma'aunin binciken zamani, lambar ƙarama ce. Shirin GIMPS, wanda George Woltman ya kafa a 1996 domin masu sa kai su haɗa ƙarfin kwamfutocinsu wajen neman lambobin Mersenne, ya sanar a Oktoban 2024 cewa Luke Durant ya gano ta 52 da aka sani. Ita ce biyu a ninki na 136,279,841 a ɗebe ɗaya, tana kuma da alƙaluma 41,024,320.

Tambayoyin da suka dami Mersenne da Euler kuwa suna nan ba a warware su ba. Babu wanda ya tabbatar ko lambobin firam na Mersenne suna da ƙarshe ko ba su da shi, ko akwai Mersenne mai ruɓi biyu ta biyar da take firam, ko kuma akwai kamilar lambar da biyu ba ta rabawa.